Baƙon da Aka Ce Ya Ɗan Dakata



A wannan fitowa muna so mu kai hankalinku wata ƙasa mai nisa, wadda da yawa daga cikinmu ba mu taɓa haɗuwa da mutuminta ko ɗaya ba, watau Nepal. Ƙasa ce da ke maƙale tsakanin Indiya da Sin, a jikin duwatsun Himalaya, inda dutsen Everest, mafi tsawo a duniya, yake. Mutanenta sun kusa miliyan 30. Yawancinsu mabiya addinin Hindu ne, sa'an nan mabiya Buddha, da Musulmi, da Kirista kaɗan. 'Yan Katolika a ƙasar duka ba su kai 10,000 ba, watau da ƙyar su fi jama'ar wata babbar majami'a guda ta biranenmu. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa mu da su? Mu yi haƙuri mu ji labarin tukuna, gama tambayar da ke cikinsa ta daɗe a Littafi Mai Tsarki, ta kuma sha zuwa bakin ƙofarmu.

Ran Asabar, 25 ga Afrilu, 2015, ana dab da tsakar rana, ƙasa ta girgiza a Nepal da ƙarfin 7.8 a ma'aunin masana. Tushen girgizar yana gundumar Gorkha, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da Katmandu, babban birnin ƙasar. Mutane kusan 9,000 suka rasu, fiye da 20,000 suka ji rauni, gidaje sama da rabin miliyan suka rushe. A kwarin Langtang, ƙanƙara da duwatsu suka zaftaro suka binne ƙauye sukutum. Kafin a gama haƙo gawawwaki, ran 12 ga Mayu, wata girgizar mai ƙarfin 7.3 ta sāke aukuwa, ta kā da abin da ta farko ta bari a tsaye. An ƙiyasta hasarar ta kai dala biliyan 7, wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da ƙasar ke samu a shekara. A Nepal Asabar ce ranar hutu ta mako, saboda haka makarantu suna rufe, wannan kuwa ya tsirar da yara masu ɗimbin yawa. Amma saboda wannan dalili ɗin ne Kiristocin ƙasar ke yin sujadarsu ran Asabar, har waɗansu suna cikin ɗakin sujada sa'ad da rufi ya faɗo musu.

A tsakiyar Katmandu akwai wata doguwar hasumiya da ake kira Dharahara, wadda aka fara ginawa a 1832. A ranar hutu mutane sukan hau ta su kalli gari. Ta faɗi da su a ciki. Duk mai karanta Bisharar Luka zai tuna da sura 13, inda Ubangijinmu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya kuma tsawata wa masu zaton waɗannan sun fi sauran mazaunan Urushalima zunubi. Mun kawo wannan da gangan, domin akwai Kiristan da in ya ji bala'i ya auka wa waɗanda ba addininsa suke bi ba, sai ya gyaɗa kai ya ce hukunci ne. Ubangiji bai bar mana wannan ƙofa a buɗe ba. Kashegarin girgizar, wadda ta zama Lahadin Makiyayi Mai Kyau, Paparoma Francis ya yi addu'a domin mutanen Nepal a dandalin Bitrus Mai Tsarki, ƙungiyar agaji ta Caritas kuwa ta shiga ƙauyuka da tamfol da abinci, ba ta tambayi addinin kowa ba.

To, ba waɗanda ke cikin ƙasar kaɗai girgizar ta taɓa ba. Mutanen Nepal mutanen cin rani ne ƙwarai, irin wanda muka sani, sai dai nasu ya fi nisa. Miliyoyinsu suna aiki a Indiya, da Malesiya, da Katar, da Saudiyya, da Daular Larabawa, kuɗin da suke aikowa gida kuwa yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar, wani lokaci ma ya zarce. Akwai kuma waɗanda ke Amurka: ɗalibai, da masu ziyara, da masu aiki a gidajen abinci da kantuna, waɗansu bizarsu na gab da ƙarewa, waɗansu tasu ta riga ta ƙare. Mu sa kanmu a matsayin ɗaya daga cikinsu. Ya tashi da safe ya ji garinsu ya zama kufai, ya yi ta buga waya ba a ɗauka, doka kuma tana cewa nan da 'yan makonni ya tattara kayansa ya koma. Ya koma ina? In ma ya koma, ya ƙara baki ɗaya a kan tukunyar da ta fashe, ya kuma yanke kuɗin da da shi za a sayi kwanon rufi.

Domin irin wannan hali ne Majalisar Dokokin Amurka ta yi wani tanadi a dokar shige da fice ta 1990, wadda Shugaba George Bush babba ya sa wa hannu. Ana kiransa matsayin kāriya na wucin gadi, a taƙaice TPS. Ga yadda yake aiki. Idan yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa, ko bala'i irin girgizar ƙasa, ambaliya, fari ko annoba ya auka mata, ko wani hali na musamman ya sa komawa ta zama haɗari, gwamnati tana iya sa sunan ƙasar a jerin waɗanda ba za a tasa ƙeyar mutanensu ba. In dalilin bala'i ne, sai ƙasar da kanta ta roƙa. Wa'adin yakan kama daga wata 6 zuwa wata 18, ana kuma iya ƙara shi. Wanda ya cancanta yakan yi rajista, ya biya kuɗi, a ɗauki hoton yatsunsa, a bincika tarihinsa; mai babban laifi ɗaya, ko ƙananan laifuffuka biyu, ba ya samu. Idan an karɓe shi, ba za a kore shi ba muddin wa'adin bai cika ba, ana kuma ba shi takardar izinin aiki. Abu biyu ne ya kamata mu riƙe. Kāriyar ta shafi waɗanda suka riga suka shiga ƙasar kafin ranar da aka yanka ne kawai, ba gayyata ce ga masu zuwa daga baya ba. Sa'an nan ita kanta ba ta kai mutum ga takardar zama na dindindin, ko da ya shekara nawa a ƙarƙashinta.

Ran 24 ga Yuni, 2015, wata biyu bayan girgizar, Sakataren Tsaron Cikin Gida na lokacin, Jeh Johnson, ya sa Nepal a wannan jeri na tsawon wata 18. Dubban mutane suka yi rajista.

Bari mu faɗi gaskiya, wannan aikin alheri ne, ya kuma cancanci yabo. Ba ƙasashe da yawa ne suke da irin wannan tanadi a rubuce ba. Mu da muka saba da ganin an bar baƙo a hannun jinƙan ma'aikacin kan iyaka, mun san darajar jinƙan da aka rubuta a doka. Haka Allah ya yi wa Isra'ila. A Littafin Firistoci sura 19, da Maimaitawar Shari'a sura 24, bai bar abincin baƙo ga halin kirkin mai gona ba. Ya umarta kada a girbe gona har gefe, kada kuma a koma kalar abin da ya zube, domin wannan rabon baƙo ne da maraya da gwauruwa. Mu lura kuma, kala aiki ce. Baƙon yakan sunkuya ya tsinta da hannunsa, ya ci guminsa, ba ya tsayawa a ƙofa da ƙoƙo. Abin da takardar izinin aiki ta yi wa mutanen Nepal ke nan: ta fitar da su daga aikin ɓoye, inda mai gida yakan biya abin da ya ga dama domin ya san ba su da bakin kai ƙara, ta mai da su ma'aikata masu biyan haraji, masu iya aika kuɗi gida a sarari. Da irin wannan kuɗi, haɗe da tallafin gwamnati, aka tā da bango a ƙauyuka da dama.

Amma labarin bai tsaya nan ba. Aka ƙara wa'adin zuwa Yunin 2018. A watan Afrilun 2018, kwana ɗaya bayan cikar shekara uku da girgizar, sabuwar Sakatariya, Kirstjen Nielsen, ta sanar cewa Nepal ta farfaɗo, za a janye kāriyar a Yunin 2019. A lokacin an ce mutum wajen 9,000 ne abin ya shafa. Waɗansu daga cikinsu, tare da mutanen Honduras, suka kai ƙara kotun tarayya a jihar Kaliforniya a farkon 2019, aka dakatar da janyewar har a gama shari'a. Shekara huɗu suka yi a haka, ana ɗan ƙara musu kwanaki da sanarwa bayan sanarwa. A Yunin 2023 wata gwamnatin ta soke janyewar, ta ƙara wa'adi zuwa Yunin 2025. Da mulki ya sāke canja hannu, Sakatariya Kristi Noem ta sanar a Yunin 2025 cewa kāriyar za ta ƙare ran 5 ga Agusta, watau an ba su kwana 60. Wata alƙaliya a San Francisco ta dakatar da wannan a ƙarshen Yuli, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ɗage dakatarwar ran 20 ga Agusta, 2025. Cikin mako uku mutum ya zama mai izini, ya kuma zama marar izini, alhali bai aikata kome ba, bai ma canja gidan da yake kwana ba.

Mu yi tunani a kan abin da irin wannan zama ke yi wa zuciyar ɗan adam. Shekara goma ke nan, amma ba a taɓa ba shi shekara goma ba. Guntu-guntu aka riƙa yanko masa. Zai yi aure, ko ya jira? Zai ci bashi ya buɗe shago? Mai aiki zai ɗora shi a kan babban matsayi, alhali ga ranar ƙarewa a buge a jikin katinsa? Duk da haka rai ba ya jiran takarda. An yi auren, an haifi 'ya'ya, 'ya'yan da aka haifa a can cikin waɗannan shekaru kuwa 'yan Amurka ne bisa ga tsarin mulkin ƙasar. Yaron da aka haifa a shekarar girgizar ya kai shekara goma a 2025, yana makarantar firamare, Nepal a wurinsa hoto ce a wayar mahaifiyarsa. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mutanen Honduras da Nikaragwa, waɗanda aka ba irin wannan kāriya a 1999 bayan guguwar Mitch, sun yafa wannan zane fiye da shekara 25.

Littafin Farawa ya ba mu labarin da ya yi kama da wannan ƙwarai. A sura 47, sa'ad da 'yan'uwan Yusufu suka tsaya gaban Fir'auna, ba su roƙi zama na har abada ba. Sun bayyana cewa yunwa ta yi tsanani a Kan'ana, dabbobinsu ba su da makiyaya, sun zo su yi baƙunci ne kawai. Saura shekara biyar yunwar ta wuce. Fir'auna ya ba su Goshen, har ya ce a sa masu ƙwazo daga cikinsu su lura da garkensa. Ga masauki, ga izinin aiki. Yunwa ta wuce, ba su tafi ba. Yakubu ya shekara 17 a can ya rasu, jikoki suka haifi jikoki. Sai Littafin Fitowa ya buɗe da wani sabon sarki wanda bai san Yusufu ba. Mutanen ba su canja ba, aikinsu bai canja ba, mai sarautar ne ya canja, nan da nan waɗanda jiya baƙi ne masu amfani suka zama abin tsoro saboda yawansu. Ba muna kwatanta wani shugaba na yau da Fir'auna ba ne, Allah ya kiyaye mu da saurin hukunci. Abin da muke nunawa shi ne, zaman da ya rataya a kan zuciyar mai mulki kaɗai yakan girgiza duk ranar da kujera ta canja mai ita. Sa'ad da Allah ya ba jama'arsa Shari'a daga baya, ya yi ta maimaita musu cewa su tuna sun yi baƙunci a Masar, ya kuma umarta a ɗauki baƙon da ya zauna a cikinsu kamar haifaffen gida. Ya san cewa akwai ranar da baƙo yakan daina zama baƙo.

Yanzu kuma mu saurari ɗaya ɓangaren, gama Kirista ba ya yanke shari'a da kunne ɗaya. Masu goyon bayan janyewar suna cewa, sunan abin wucin gadi. An ba da shi domin girgizar ƙasa, an kuwa sāke gina yawancin gidajen. Hukumar da Nepal ta kafa domin sāke gini ta rufe aikinta a ƙarshen 2021, har hasumiyar Dharahara an tā da sabuwa. Suna ƙarawa da cewa, in kowace kāriya ta wucin gadi za ta rikiɗe ta zama ta dindindin, gwamnatoci za su ji tsoron ba da ita ran da wata ƙasar ta shiga uku, mabukata na gobe ne kuwa za su yi hasara. Wannan magana tana da nauyi. Ikkilisiya ba ta koyar da cewa ƙasa ba ta da iko a kan iyakarta. Katekizim na Ikkilisiyar Katolika, a lamba 2241, ya ɗora wa ƙasashe masu wadata nauyin karɓar baƙon da ke neman tsira da abin zaman gari gwargwadon iyawarsu, amma a wuri ɗaya ya yarda cewa hukuma tana iya gindaya sharuɗɗa domin amfanin jama'a, ya kuma wajabta wa baƙo ya bi dokokin ƙasar da ta karɓe shi, ya ɗauki rabonsa na nauyinta. Littafi Mai Tsarki ma ya san baƙuncin da ya ƙare a kan lokacinsa. A Littafin Sarakuna na Biyu sura 8, Elisha ya gargaɗi matar Shunem ta tashi da iyalinta saboda yunwar shekara bakwai. Ta zauna a ƙasar Filistiyawa, shekara bakwai na cika ta komo. Komawa gida ba la'ana ba ce. Hausawa ma sukan ce baƙo raɓa ne.

Sai dai mu karanta labarin matar nan har ƙarshe. Da ta komo, gidanta da gonarta ba sa hannunta, sai da ta kai kuka wurin sarki, sarkin ya naɗa ma'aikaci ya maido mata da kayanta, har da amfanin gonar na dukan shekarun da ba ta nan. Watau ko komawar da ta dace tana bukatar wanda zai shirya ta da adalci. Mu tuna kuma da Na'omi, wadda yunwa ta kai ta Mowab da niyyar ɗan zama, ta shekara wajen goma, ta komo Baitalami hannu wofi, har matan gari suka yi shakkar ko ita ce. Shekara goma ba ta barin mutum yadda ta same shi, ba ta kuma barin garinsu. Iyali Mai Tsarki, waɗanda Paparoma Pius na 12 ya sa a gaba a 1952 a matsayin misalin dukan masu gudun hijira, su ma zaman wucin gadi suka yi a Masar, gama mala'ika ya umarci Yusufu ya zauna can har sai an sāke yi masa magana. Da Hiridus ya mutu, dalilin gudun ya kau a bisa takarda. Amma Matiyu ya gaya mana Yusufu ya ji Arkilayus ne ya gāji ubansa a Yahudiya, ya ji tsoro, ya ratse zuwa Nazarat. Mutuwar Hiridus ba ta mai da Yahudiya wurin aminci ba. Haka Nepal: a Nuwamban 2023 wata girgizar ta kashe fiye da mutum 150 a yankin Jajarkot, a Satumban 2024 ambaliya ta ci fiye da mutum 200, a Satumban 2025 kuwa, makonni kaɗan bayan hukuncin kotun ɗaukaka ƙara, zanga-zangar matasa ta kā da gwamnati, aka ƙone ginin majalisa. Har yanzu matasan ƙasar fita suke yi neman aiki, ba shiga ba.

A ganinmu, kuskuren ba a ranar janyewa ya fara ba. Ya fara ne a shekarun da aka bar mutane suna ta sabunta takarda, ana karɓar harajinsu da ƙarfinsu, ba a kuwa buɗe musu wata ƙofa da za su nemi zama tabbatacce ba. Wanda ka saukar a zaure na kwana uku, ka sallame shi, ka yi masa alheri. Wanda ka bari a zauren shekara goma, yana yi maka noma, 'ya'yansa suna wasa da naka, sa'an nan ka ba shi kwana 60 ya kwashe, wannan wata magana ce dabam, ko da kalmar da aka rubuta a takardar farko ba ta canja ba. Sakatare ba ya iya buɗe wannan ƙofa shi kaɗai, aikin Majalisa ne, shi ya sa Bishop-bishop na Amurka suka yi ta roƙon Majalisar ta yi doka domin waɗanda suka daɗe a ƙarƙashin wannan kāriya. A saƙonsa na Ranar Baƙi da 'Yan Gudun Hijira ta 2018, Paparoma Francis ya jera ayyuka huɗu da ake bin mu game da baƙo: a karɓe shi, a kāre shi, a taimake shi ya ci gaba, a kuma shigar da shi cikin jama'a. Dokar da muke magana a kanta ta cika biyu na farko da kyau, ta taɓa na uku, ta tsaya cak a bakin na huɗu.

Kada mu ɗauka wannan labarin Asiya da Amurka ne kawai. Dokar nan ta taɓa rufe maƙwabtanmu: an sa Laberiya da Gini da Saliyo a cikinta a 2014 saboda annobar Ebola, aka cire su a 2017, an sa Kamaru a 2022, aka cire ta a 2025. Mu kanmu mun ɗanɗana abin ta fuska biyu. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, mutanenmu da yawa da suka tsufa a zangunan can suka komo da abin da kai zai iya ɗauka. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ita ma ta ba da mako biyu, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka fita, har yau kuwa muna kiran jakar da suka ɗura kayansu da sunan wannan kora, muna dariya. Ba mu da bakin yi wa kowa gori.

Akwai kuma abin koyi a kusa da mu. A 2014, sa'ad da Boko Haram ta kama Mubi da garuruwan arewacin Adamawa, dubban mutane suka cika harabar Majami'ar Teresa Mai Tsarki a Yola, Kirista da Musulmi. Kowa ya ɗauka zaman 'yan makonni ne. Yawancinsu sun koma da hanya ta buɗe, amma akwai iyalan da garuruwansu ba su zaunu ba, shekaru suka yi ta wucewa suna nan. Bishop Stephen Mamza bai ce musu wa'adi ya cika ba. A 2021 aka buɗe musu gidaje 86 a Sangere Marghi, da makaranta, da ɗakin sujada, da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. An duba an ga cewa waɗanda suka zo na ɗan lokaci sun zama maƙwabta, aka yi musu abin da ake yi wa maƙwabta.

Saboda haka, 'yan'uwa, kowannenmu ya duba gidansa da unguwarsa. Akwai waɗanda rikici ko ambaliya ta koro zuwa garuruwanmu, muka ba su ɗaki ko aron gona muna cewa kafin abubuwa su lafa. Shekara nawa ke nan? Har yanzu a kowace damina sai sun zo sun durƙusa su ji ko za a sāke ba su gonar? 'Ya'yansu suna cikin rajistar makarantarmu da ajin katekizim? An taɓa zaɓen ɗaya daga cikinsu a majalisar Ikkilisiya, ko a shugabancin Zumuntar Mata, ko har yau “'yan gudun hijira” muke kiransu a sanarwar ranar Lahadi? Akwai kuma yarinyar da aka kawo mana daga ƙauye bayan rasuwar iyayenta, aka ce ta ɗan zauna, ga shi ta girma tana wanke-wanke, ba wanda ya yi maganar makarantarta. A Matiyu sura 25, karɓar baƙo yana cikin abubuwan da Ɗan Mutum zai tambaye mu a ranar shari'a, ba a kuwa faɗi cewa tambayar ta tsaya a kan daren farko ba.

Tun daga 2019 Ikkilisiya ta saba kiyaye Ranar Baƙi da 'Yan Gudun Hijira a Lahadin ƙarshe na Satumba. Muna roƙon Fada-fada da katikis su sa mutanen Nepal cikin addu'ar masu bi a wannan rana: waɗanda suka rasu a 2015, da waɗanda suka koma gida, da iyalan da ke Amurka waɗanda aka sa su zaɓi tsakanin rabuwa da 'ya'yansu da kuma kai su ƙasar da ba su sani ba. A yi addu'a kuma domin alƙalai da 'yan majalisar da al'amarin ke hannunsu. Kafin ranar, majalisar kowace Ikkilisiya ta zauna ta rubuta sunayen iyalan da suka yi fiye da shekara uku a cikinmu a matsayin baƙi, a ziyarce su gida gida, a tambaye su ko komawa suke so ko zama, da abin da kowanne zai bukata.

Maryamu Uwar Allah da Yusufu Mai Tsarki, waɗanda suka yi baƙunci a Masar, su yi roƙo dominsu da mu. Amin.